Isiyaku Badamagare da Makullin Ƙofar Ruwa

Isiyaku ya sauka a ƙauyenmu, wanda ke tsakanin Kura da Bunkure, a kakar shekarar 1991, yana ɗan shekara ashirin da ɗaya. Daga wani ƙauye kusa da Magarya ya fito, cikin ƙasar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, tare da 'yan cirani bakwai da suka zo yankan shinkafa. Da aka gama aiki bakwai ɗin suka koma gida, shi kuwa ya zauna. Shekara biyar ya yi yana ƙwadago a gonakin tumatir da albasa, yana kwana a zauren Mai Unguwa, ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa a cikin filin noman rani. Wannan rashin shi ne ya zama sanadin muƙaminsa.

Gonakinmu magudana ɗaya suke sha, wadda ta ɓalle daga babban kanal, wato babbar hanyar ruwan noman rani. A tsakiyarta akwai ƙofar ƙarfe da ake murɗawa sama da ƙasa da wani sitiyari, ana ɗaure sitiyarin da sarƙa da kwaɗo. Idan ƙofar tana ƙasa, ruwa ya taru ya shiga gonakin da ke kusa da kanal, masu su muke kira 'yan sama. Idan an ɗaga ta, ruwa ya wuce zuwa gonakin ƙarshe, na 'yan wutsiya. Tsarin ƙungiyar manomanmu shi ne 'yan sama su sha daga Asabar zuwa azahar ɗin Talata, daga nan a ɗaga ƙofa, 'yan wutsiya su sha har zuwa daren Juma'a.

A ranin 1996 makullin yana hannun wani mutumin sama. Wata Talata ya yi jinkirin ɗaga ƙofa, aka ce da gangan ne domin albasar wansa ta ƙoshi. Wani manomin wutsiya mai suna Muhammadu Sani ya je ya yi magana, magana ta zama kokawa, aka sauke masa fartanya a tsakar ka. A bakin ƙofar ya cika, ƙafafunsa cikin ruwa. Kwana uku ana farautar juna cikin gonaki, aka ƙone rumbuna shida, aka karya mutane da dama. Da dattawa suka zauna, sai suka yanke cewa daga ranar ba za a ƙara ba ɗan gari makulli ba. Baƙo za a ba, wanda ba shi da gona ko ɗan'uwa a sama ko a wutsiya. Suka kuma ƙara sharaɗi guda da suka ce shi ne ginshiƙi: mai makulli ba ya sa baki a musu. Ko wane irin musu ne, na ruwa ko na siyasa ko na addini, domin duk wanda aka ji ra'ayinsa a kan abu ɗaya, za a yi masa hasashen ra'ayi a kan komai.

Isiyaku ya karɓa. Ya ɗaure makullin da igiyar fata a wuyan hannunsa na dama, ya riƙe shi shekara ashirin da takwas. Ko da ya tashi aure, sai ya tsallake gidajen manoma gaba ɗaya, ya nemi Rabi'atu, 'yar wani Bafulatani mai shanu da ke zaune a bayan gari, don kada a ce yana da suruki a wani ɓangare.

Ba a bar shi ya huta ba. A wata shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, mutum huɗu suka tare shi a kan hanya, suka danna kansa cikin magudana, su ɗago su sake dannawa, har sai da ya daina motsi, sannan suka yar da shi a gefe yana aman ruwa da laka. Wata shekarar ya tarar da ragonsa na layya an sassare masa agara, yana jan ƙirji a ƙasa. Ya san waɗanda suka yi duka biyun, bai taɓa faɗa ba. Na tambaye shi dalili, ya ce idan ya ambaci suna, ya zama maƙiyin gida guda, kuma gidan nan yana da ranar shan ruwa kamar kowa.

A majalisar da muke zama bayan la'asar, a gindin darbejiyar masallaci, ana iya musu har jijiyoyin wuya su tashi, Isiyaku yana gefe yana gyaran igiya ko yana ɓare gyaɗa. Abu ɗaya kawai yake amsawa, shi ne wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa. Babban abokin wasansa Surajo ne, manomin wutsiya, sa'ansa, wanda ya yi fataucin albasa a ƙuruciyarsa. Surajo ba ya kiransa da suna, sai dai bawana. Isiyaku kuma yakan ce masa Bakano ko a masallaci ya ga takalmi mai kyau sai ya tambayi farashi.

A daminar 2023 sojoji suka kifar da gwamnati a Nijar. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga Nijeriya. Mahaifiyar Isiyaku, Halimatu Sa'adiyya, tana fama da ciwon suga, kuma kowane wata shi ke saya mata magani a Kano ya ba wani direba da ke bin hanyar Ɓaɓura. Da hanya ta rufe, direban ya ajiye mota. Isiyaku ya jira mako uku ko za a buɗe, sannan ya bar makulli a hannun Mai Unguwa Usaini, tun da damina ce ba a rabon ruwa, ya hau babur ya bi daji. Tafiyar wuni ɗaya ta ci masa kwana uku. Ya isa washegarin ranar da aka binne ta. Da ya dawo muka je masa ta'aziyya, har da Surajo. Isiyaku ya karɓi makullinsa, bai ce komai game da iyaka ba.

Ranin da ya biyo baya ya zo da matsi. Ciyawar kacalla ta cika magudana, ruwa ya ragu, ga alkama ta fara fitar da kai, tumatir yana fure. Dokar ƙungiya ita ce kowane wata a fita yasar magudana tun daga kanal har wutsiya, kowa da kowa. Wannan ne ya fi ɓata wa Bilya rai. Bilya manomin sama ne, ɗan shekara talatin da biyar, mai ƙarfi da kaifin baki, kuma samarin sama suna jin maganarsa. Ya daɗe yana cewa shi bai ga dalilin da zai shiga laka har ƙugu yana yase wa wani hanyar ruwa ba, alhali ruwan ta ƙofar gonarsa yake fara wucewa.

Ranar Lahadi, 28 ga Janairu, 2024, rediyo ya sanar cewa Nijar da Mali da Burkina Faso sun ce sun fice daga ECOWAS. Ranar Litinin bayan la'asar majalisa ta cika fiye da kullum.

Bilya ne ya buɗe. Ya ce maza sun yi abin da ya dace. Wace irin ƙungiya ce za ta sa wa ɗanta yunwa, ta kashe masa wuta a asibiti, har ta yi masa barazanar yaƙi, sannan ta ce shi ɗan'uwa ne? A ganinsa Turawa ne ke kaɗa mata ganga tana rawa, kuma ƙasa mai arzikin ma'adinai ba ta bukatar kowa ya koya mata zaman gidanta.

Surajo ya ce masa ya yi a hankali, shi da bai taɓa wuce Zariya ba. Shi kuwa Surajo ya kai albasa har Kumasi, ya tsallake iyaka uku, ba wanda ya tambaye shi biza, kuma albarkacin ƙungiyar ne. Nijar ba ta da teku, duk abin da za ta sayo daga ƙetare sai ya bi ta ƙasar wani. Shanunta da wakenta kasuwannin Kano suke nufa, 'ya'yanta kuma ga su nan kowace kaka da laujensu. A cewarsa sojojin ba don talaka suka fita ba, sun fita ne don kada a riƙa tambayarsu ranar zaɓe. Wani ya ce ai Kano da Damagaram suna ciniki tun ba a haifi kakan ECOWAS ba, kuma za su ci gaba. Surajo ya ce gaskiya ne, amma a wancan zamanin ba jami'i a kan hanya mai neman takarda.

Musu ya yi zafi, aka rabu biyu, kuma abin da na lura shi ne rabuwar ta bi magudana: kusan duk 'yan sama suna bayan fita, 'yan wutsiya suna bayan zama. Surajo ya ga Bilya yana neman rinjaye, sai ya juya wajen Isiyaku domin ya samu dariyar jama'a.

"Bawana, na ji ƙasarku ta yi yaji. Wa za mu tura biko?"

Aka yi dariya, Isiyaku ma ya murmusa. Da Surajo ya tsaya nan, da ba abin da zai faru. Amma dariyar ta yi masa daɗi, ya ci gaba.

"Ku da tun hanya ba ta yi wata biyu a rufe ba tsofaffinku suka fara zubewa kamar kajin da mura ta kama, ku ne za ku zauna ku kaɗai?"

Na ga fuskar Surajo ta sauya tun kafin ya rufe baki, domin ya tuna. Isiyaku ya ajiye gyaɗar da ke hannunsa.

"Surajo," in ji shi, kuma ranar ce na fara jin ya kira shi da sunansa a majalisa, "uwata tana cikin kajin. Maganinta yana cikin jakata aka binne ta. Ƙungiyar da za ta rufe hanya tsakanin ɗa da uwarsa, wanda ya fita daga cikinta bai yi laifi ba. Duk wanda aka matsa wa a cikin taro, yana da ikon ya ɗauki takalminsa."

Bilya ya miƙe tsaye. "Kun dai ji da kunnenku. Ba ni na faɗa ba, mai makulli ne ya faɗa. To mu ma an matsa mana, mun ɗauki takalmanmu."

Isiyaku ya ɗaga hannu yana cewa shi maganar ƙasashe yake yi, ba maganar magudana ba, amma hayaniya ta riga ta rufe muryarsa. Kafin magariba Bilya da mutum goma sha biyu sun je ƙofar gidan Mai Unguwa Usaini sun shaida masa cewa 'yan sama sun fice daga ƙungiya: ba za su ƙara yasa ba, kuma ƙofa za ta zauna a ƙasa har sai gonakinsu sun ƙoshi. Mai Unguwa, tsoho ne mai son sulhu, ya ce a bari sai Juma'a a zauna. Sai dai Talata ta riga Juma'a. A wutsiya kuwa labarin da ya isa shi ne mai makulli ya bi 'yan sama, kuma a bainar jama'a ya faɗa.

Rabi'atu ta gaya mini daga baya cewa da safiyar Talata ta roƙe shi ya kai wa Mai Unguwa makullin ya zauna a gida. Ya ce mata idan ya yi haka ƙofa za ta wuni a ƙasa, ya yi wa Bilya aikinsa ke nan ba tare da Bilya ya taɓa kwaɗo ba. Ta ce to ya jira a samu dattawa su raka shi. Ya ce shekara ashirin da takwas ba a taɓa raka shi ba, in aka raka shi yau, an nuna akwai abin tsoro.

Ina da 'yar gonar latas kusa da gadar da ke kallon ƙofar, kuma daga nan na ga abin da ya faru. Tun hantsi Bilya da mutum wajen goma sha biyar suke zaune a bakin ƙofar, da adduna da gorori a gefensu. Bayan sallar azahar Isiyaku ya taho shi kaɗai a kan gaɓar magudana, da tafiyarsa ta kullum. Bilya ya tashi da fara'a ya tarye shi.

"Baba Isiyaku, sannu da zuwa. Ai da ka yi zamanka, mun hutar da kai daga yau."

Ya miƙa masa hannu, Isiyaku ya ba shi nasa domin gaisuwa, hannun da makullin ke rataye a jikinsa. Daidai lokacin Surajo ya ɓullo daga bayan gonar rake da mutum fiye da ashirin. Abin da suka gani shi ne hannun mai makulli cikin hannun Bilya. Ba wanda ya tsaya tambaya. Surajo da kansa ya fara isa, ya ɗaga gora da hannu biyu ya sauke wa Isiyaku a ƙeya. Na ji ƙarar daga kan gada. Hularsa ta faɗa ruwa, ya durƙusa, jini ya gangaro ta bayan kunnensa ya jiƙa wuyan rigarsa.

Bai waiwaya ya ga wanda ya buge shi ba. Da gwiwa ya ja jiki zuwa kwaɗon, ya buɗe, ya zare sarƙar, ya kama sitiyarin. A bayansa an riga an kaure. Gorori suna sauka a kan kafaɗu da haƙarƙari, wani ya faɗi ana tattaka shi, wani yana gudu riƙe da kunnensa da ya rage a rataye da fata. Bilya ya juyo ya ga sitiyarin yana juyawa, ƙofar ta fara ɗagawa.

"Ashe munafuki ne kai," in ji shi. "Jiya ka ce mu fita, yau ka ba su ruwanmu?"

Ya kai sara da adda a kan hannun da ke riƙe da ƙarfen. Addar ta ratsa yatsu uku ta bugi ƙarfen har ta yi tartsatsi. Isiyaku bai yi ihu ba, ko kuwa ni ban ji ba. Ya dubi hannun, ya cusa shi a hammatarsa ta hagu ya matse, sannan ya ɗora hannun hagu da ƙirjinsa a kan sitiyarin ya ci gaba da turawa.

A cikin wannan turmutsitsin ne aka sari Abuzar, surukin Surajo, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Lauje ya same shi a gefen wuya, ya faɗa cikin magudana ta bayan ƙofar, inda ruwa bai wuce idon sawu ba a lokacin. Isiyaku bai gan shi ba, domin jini ya rufe masa ido kuma bayansa yake ba wajen. Ya yi murɗar ƙarshe, ƙofar ta ɗaga gaba ɗaya, ruwan kwana uku da rabi da ya taru ya ɓarke da ƙarfi. Ya ɗauki Abuzar ya tafi da shi. Wannan ne ya tsayar da faɗan: 'yan wutsiya suka zubar da gorori suka bi gaɓa da gudu, 'yan sama suka watse cikin rake. A bakin wani kwalbati aka tsamo Abuzar, ba rai. Isiyaku kuwa, da na isa wajensa, ya mayar da sarƙar yana ƙoƙarin danna kwaɗon da hannu ɗaya. Ni na danna masa, sannan ya suma.

An kai shi asibiti a Kura, daga nan aka wuce da shi Kano. Babban yatsa da ɗan ali ne suka rage masa a hannun dama, kuma kunnensa na hagu bai ƙara ji sosai ba. 'Yan sanda sun kama mutum goma sha ɗaya. Bilya da wanda ake zargi da saran Abuzar suna tsare har yanzu, shari'a ba ta ƙare ba. Surajo, da aka ba da belinsa, ya je asibiti ya zauna a gefen gadon wajen sa'a guda. Rabi'atu ta ce ban da sallama da addu'a ba abin da ya fito daga bakin kowannensu.

Likita ya ce saran ne ya kashe Abuzar. Wasu daga cikin danginsa sun ce da sauran numfashinsa lokacin da ruwan ya zo. Ba wanda zai iya rantsuwa a kan ɗaya daga cikin biyun.

Bayan sadakar arba'in, gab da azumi, dattawan sama da na wutsiya suka zauna a ƙofar gidan Mai Unguwa. Maganar ficewa daga ƙungiya ba wanda ya ƙara tayar da ita. Abin da aka tattauna shi ne makulli. Ina cikin waɗanda suka nemi a bar masa, domin ya ɗaga ƙofa a kan lokacinta, jininsa yana zuba. Dattawan sama suka ce ba za su ƙara yarda da wanda ya zuga 'ya'yansu da baki sannan ya juya musu baya ba. Dattawan wutsiya suka ce ba za su iya kallon hannun da ya saki ruwa a kan Abuzar yana buɗe musu ƙofa kowace Talata ba. Mai Unguwa Usaini ya ce duk wannan ba shi ne hukunci ba. Hukuncin tun 1996 aka yanke shi: mai makulli ba ya sa baki a musu, kuma Isiyaku ya sa.

Aka tambaye shi ko yana da magana.

"Ranka ya daɗe, sharaɗin na san shi, kuma na karya shi. Abin da na faɗa game da uwata ban janye ba. Amma ba a bakin mai makulli ya kamata a ji shi ba."

Ya miƙa hannunsa na dama, wanda ke naɗe da bandeji. Ya gwada kwance igiyar da hannun hagu, ƙullin ya ƙi, domin ya shekara da shekaru yana shan ruwa yana bushewa. Mai Unguwa ya aika aka kawo wuƙa, ya yanke ta da kansa. Inda igiyar ta zauna fatar ta yi fari kewaye da wuyan hannun.

An ba wani mutumin Gumel makullin, wanda ya zo garin shekara biyu kafin nan. Ba a jima ba aka buɗe iyaka, kuma da shekara ta zagayo ficewar ƙasashen uku ta tabbata. 'Yan ciranin Damagaram sun zo yankan shinkafa a kakar da ta biyo baya kamar yadda suka saba, wasu daga cikinsu suka ce wa Isiyaku ya bi su gida. Ya ce 'ya'yansa shida a nan aka yanke musu cibi.

Hannun ba ya riƙe fartanya ko lauje. Aikin da ya samu shi ne korar tsuntsaye a gonakin shinkafa idan ta fara nuna. Yakan kafa sanduna kewaye da gona, ya ja igiya a kansu, ya rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, sannan ya zauna a kan dakali a tsakiya tun fitowar rana, yana fizgar igiyar duk lokacin da garken jan-baki ya sauko. Da farko ƙullinsa na hannun hagu yakan kwance, gwangwanayen su zube cikin ruwa, sai ya shiga ya tsince su ɗaya ɗaya. Bana na wuce ta gonar da yake tsaro, na tarar ya koyi ɗaurewa da haƙori da yatsu biyun da suka rage.